Johan Cruyff: siririn yaron da ya gina Barça ɗin da kuke musu a kanta

Duk ranar da Barcelona za ta kara da Real Madrid, gidan kallon bal na garinmu Ɗan Isa ba ya ɗaukar jama'a. Na san haka abin yake a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Benci ya cika, wasu a tsaye, janareta na ruri, tun kafin a take wasa an raba ɗaki biyu. In an tashi kuma musun ya koma Facebook da WhatsApp har tsakar dare. Amma gwada tambayar ɗan Barça mafi zaƙewa, wa ya koya wa ƙungiyar nan wannan ba-ni-in-ba-ka da ake kira tiki-taka? Zai ce maka Guardiola. To shi Guardiolan wa ya koya masa? A nan ne da yawa za su fara sosa ƙeya.

Sunan mutumin Johan Cruyff, ɗan ƙasar Holan. Ya mutu tun 2016, kuma yawancinmu ba a haife mu ba lokacin da ya bar horar da Barcelona, balle lokacin da yake taka leda. A takarda ɗan wasan gaba ne, amma rabin rayuwarsa a fili a tsakiya ya yi ta, yana karɓar ƙwallo yana raba wa mutane aiki, kuma a matsayin ɗan tsakiya ya ƙare wasansa. Da kai ya yi suna, ba da ƙirji ba. Kan nan nasa kuwa yana da kaifi, yana kuma da tauri, kuma duka biyun sun bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

An haife shi ranar 25 ga Afrilu, 1947, a birnin Amsterdam. Ya tashi a unguwar talakawa mai suna Betondorp, daf da De Meer, tsohon filin wasan Ajax. Iyayensa shagon kayan miya da kayan marmari gare su. A titi ya koyi ƙwallo, kamar yadda ƙannenmu ke koyonta a fegi da yamma. Ranar da ya cika shekara 10 ya shiga makarantar yara ta Ajax. Yana ɗan shekara 12, a 1959, ciwon zuciya ya kashe mahaifinsa. Shago ya gagara, mahaifiyarsa ta koma aikin shara da goge-goge a Ajax ɗin. Ka ga ke nan uwa na share ɗakin da manyan 'yan wasa ke sauya kaya, ɗanta maraya na can baya yana atisaye da yara.

Siriri ne ƙwarai, irin yaron da in an zo rabon 'yan wasa a unguwa sai a ce ya jira zagaye na gaba. Tun da ba shi da jikin ture mutum, sai ya koyi yadda ba za a ma taɓa shi ba: ya duba fili kafin ƙwallo ta iso, ya san inda zai kai ta, ya bar wurin kafin mai tsaron baya ya ƙaraso.

Ranar 15 ga Nuwamba, 1964, yana da shekara 17, ya buga wasansa na farko a babbar ƙungiya. GVAV ta doke Ajax da ci 3-1, ƙwallon Ajax ɗaya tilo kuwa shi ya ci. A kakar nan Ajax ta 13 ta ƙare a teburi, don kada ka ɗauka gidan daɗi ya tarar. A farkon 1965 aka kawo sabon koci, Rinus Michels, mutum mai tsauri da ba ya wasa da atisaye. Haɗuwar waɗannan biyun ita ta sauya komai.

Salon da suka gina shi ne wanda duniya ta sani da Total Football. Ma'anarsa a sauƙaƙe, babu wanda aka ɗaure a wuri ɗaya. Mai tsaron baya na iya hawa gaba ya kai hari, nan take ɗan tsakiya ya koma ya toshe gurbinsa. In ƙwallo na hannunku, ku baje ku faɗaɗa fili. In ta kuɓuce, ku taru ku matse abokan hamayya tun a gidansu, kada su sami sakan biyu na tunani. Irin wannan wasa yana buƙatar wani a cikin fili da ke ganin kowa a lokaci ɗaya. Cruyff ne wannan mutumin. Duba tsofaffin bidiyonsa a YouTube, za ka ga ƙwallo na ƙafarsa amma hannunsa na nuni, yana gaya wa na gaba da shi a shekaru inda za su tsaya.

Ajax ta ci gasar Holan a 1966, 1967 da 1968. A 1969 ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, AC Milan ta lallasa ta 4-1. Ba su watse ba. A 1971 suka doke Panathinaikos 2-0 a Wembley suka ɗauki kofin. A 1972 suka doke Inter Milan 2-0, Cruyff ne ya ci duka biyun. A 1973 suka doke Juventus 1-0. Sau uku a jere. Shi kuma ya karɓi Ballon d'Or a 1971, 1973 da 1974, kuma shi ne mutum na farko da ya ci ta sau uku.

Lamba 14 da aka san shi da ita ma da labarinta. A Oktoban 1970, kafin wasa da PSV, abokin wasansa Gerrie Mühren ya rasa rigarsa. Cruyff ya ba shi tasa mai lamba 9, ya ɗauki 14 a kwandon kaya. Suka ci wasan, shi ke nan ya riƙe ta, a zamanin da 'yan wasan farko 1 zuwa 11 kawai suke sawa.

Taurin kan ma tun da wuri ya bayyana. A wasansa na biyu a tawagar ƙasa, da Czechoslovakia a 1966, alƙalin wasa ya kore shi, ya zama ɗan wasan Holan na farko da aka taɓa kora a wasan ƙasa da ƙasa. A 1973 kuma 'yan wasan Ajax suka kaɗa ƙuri'ar zaɓen kyaftin, suka zaɓi Piet Keizer suka bar shi. Mutumin da ya kai su ga kofin Turai uku bai iya haɗiye wannan ba. Cikin 'yan makonni ya tattara ya nufi Barcelona, inda tsohon kocinsa Michels yake, a kan kusan dala miliyan 2, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a lokacin.

Barça ɗin da ya tarar ba ita ce wadda kuka sani ba. Rabonta da kofin La Liga tun 1960, kuma lokacin da ya fara buga mata tana can ƙasa-ƙasan teburi. A kakarsa ta farko suka ɗauki kofin. A Fabrairun 1974 suka je har Santiago Bernabéu suka zuba wa Real Madrid biyar ba ko ɗaya. 'Yan Madrid ku yi haƙuri, tarihi ne. A watan nan aka haifa masa ɗa, ya sa masa suna Jordi, sunan mutanen yankin Kataloniya, a zamanin da gwamnatin Janar Franco ke danne harshensu da sunayensu. Tun daga nan mutanen Barcelona suka ɗauke shi nasu.

Sai gasar cin kofin duniya ta 1974 a Jamus ta Yamma. Holan ta casa Ajantina 4-0, ta fitar da Birazil mai riƙe da kofi da ci 2-0. A wasa da Suwidin ne ya yi yankan nan da har yau ake kira da sunansa: ya yi kamar zai bugo ƙwallo, sai ya ja ta da cikin ƙafa ta bayan ɗaya ƙafar, ya juya, ya bar mai tsaron baya Jan Olsson yana neman inda ya shiga. Yaranmu na yin yankan nan a kan rairayi kullum ba su san mai shi ba. A gasar ce kuma ya ƙi sa riga mai zane uku ta Adidas saboda yana da yarjejeniya da Puma, dole aka yi masa tasa mai zane biyu shi kaɗai.

Ranar 7 ga Yuli, a Munich, aka yi wasan ƙarshe da masu masaukin baƙi. Holan ta take wasa, suka yi ta ba juna, Cruyff ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya ya kutsa, aka kayar da shi a cikin da'ira. Johan Neeskens ya buga fenariti ta shiga, alhali ko Bajamushe ɗaya bai taɓa ƙwallon ba tukuna. Daga nan sai suka koma nuna gwaninta maimakon neman ta biyu. Paul Breitner ya farke da fenariti, Gerd Müller ya ƙara kafin a tafi hutu. Aka tashi 2-1. Cruyff bai sake buga gasar kofin duniya ba. Gaba ɗaya wasa 48 ya buga wa ƙasarsa, ya ci ƙwallo 33.

Da aka zo gasar 1978 a Ajantina, ya ce ba zai je ba. Shekara talatin mutane na ta hasashe, wasu su ce siyasa ce, wasu su ɗora wa matarsa laifi. Sai a 2008 ya bayyana abin da ya faru. A 1977 wani ɗan bindiga ya shiga gidansa a Barcelona, ya ɗaure shi da matarsa, 'ya'yansu na cikin gidan, da niyyar yin garkuwa. Allah ya sa yunƙurin bai yi nasara ba, amma iyalin sun daɗe suna rayuwa da rakiyar 'yan sanda, har yara in za su makaranta. Mu mutanen arewacin Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da bakin bindiga a cikin gida ke yi wa zuciyar magidanci ba. Ya zaɓi zama kusa da iyalinsa. Holan ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba shi, Ajantina ta doke ta 3-1.

A 1978 ɗin ya jingine takalmansa yana ɗan shekara 31, da niyyar hutawa. Hutun bai yiwu ba. Ya zuba dukiyarsa a harkokin kasuwancin da bai san kansu ba, har da gonar aladu, bisa shawarar wanda ya amince da shi, kuɗin suka narke. Gwanin da ke hango abin da zai faru a fili tun kafin ya faru bai hango wannan ba. Masu tura kuɗi a manhajojin da ke alƙawarin ninka riba cikin mako biyu, ku riƙe wannan. Dole ya sake ɗaura takalmi: Los Angeles Aztecs da Washington Diplomats a Amurka, sai Levante a Sifaniya, sannan ya koma gida Ajax a ƙarshen 1981.

Mutane sun ɗauka ya ƙare. Ya ci gasar Holan da Ajax a 1982 da 1983. A Disambar 1982, a wasa da Helmond Sport, ya zo buga fenariti, maimakon ya harba sai ya gangara wa Jesper Olsen ƙwallon a gefe, Olsen ya mayar masa, ya tura ta raga. Wanda kuka ga Messi da Suárez sun yi a 2016, ga wanda ya sa duniya ta san shi. Duk da haka shugabannin Ajax suka ga ɗan shekara 36 ya tsufa, suka ƙi sabunta masa kwantiragi. Ransa ya ɓaci, ya yi abin da ba a zata ba, ya koma Feyenoord, babbar abokiyar gabar Ajax. Ka ɗauka kyaftin ɗin Barça ya wayi gari a Madrid. A can ya zauna a tsakiyar fili yana juya wasa, ga matashi Ruud Gullit a gefensa. Feyenoord ta ɗauki kofin gasa da kofin ƙalubale a 1984, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Holan na shekara, sannan ya ajiye takalmi da gaske yana da shekara 37.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce babban ɗan wasa ne kawai. Aikin koci ne ya sa tasirinsa ya iso har gidajen kallonmu. Ya fara da Ajax a 1985, ya ci mata kofin Turai na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1987 da ƙwallon Marco van Basten, kuma shi ya fara sa Dennis Bergkamp a babbar ƙungiya yana ɗan shekara 17. A 1988 ya koma Barcelona a matsayin koci.

Ga lissafin da ya kamata ɗan Barça ya sani. Daga 1961 zuwa 1990, sau biyu kacal ƙungiyar ta ci La Liga, kuma ba ta taɓa ɗaukar kofin zakarun Turai ba. A hannun Cruyff ta ci La Liga huɗu a jere, 1991 zuwa 1994. Ranar 20 ga Mayu, 1992, a Wembley, Ronald Koeman ya buga bugun tazara a ƙarin lokaci, suka doke Sampdoria 1-0, kofin Turai na farko ya shiga Camp Nou. Tawagar nan ta ƙunshi irin su Koeman, Michael Laudrup, Hristo Stoichkov, daga baya Romário ya zo.

Abin da ya fi kofunan daɗewa shi ne abin da ya yi wa La Masia, makarantar yaran ƙungiyar. Ya dage cewa tun daga ƙananan yara har babbar ƙungiya salo ɗaya za a riƙa bugawa, kuma a daina watsar da yaro don gajere ne ko siriri, a duba yadda yake karɓar ƙwallo da yadda yake tunani. Atisayen da ya fi so mai sauƙi ne: 'yan wasa su yi da'ira suna ba juna ƙwallo da taɓawa ɗaya, mutum ɗaya ko biyu a tsakiya na ƙoƙarin ƙwacewa. A cikin yaran akwai wani siririn ɗan tsakiya marar gudu mai suna Pep Guardiola. Cruyff ya ɗauko shi a 1990 ya ajiye shi a gaban masu tsaron baya, ya ba shi ragamar wasa. Cruyff bai taɓa horar da Messi ba, amma ƙofar da ya buɗe wa ƙananan jiki ita Xavi da Iniesta da Messi suka bi. A 2010 su ukun ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a Ballon d'Or, dukansu 'yan La Masia.

Ƙarshen zamansa a kujerar koci bai yi daɗi ba. A 1994 suka shiga wasan ƙarshe na kofin Turai a Athens kowa na ganin sun riga sun ci, AC Milan ta ba su 4-0. Ya sallami manyan 'yan wasa, kofuna suka ƙafe, ga rigima da shugaban ƙungiya Josep Lluís Núñez wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A Mayun 1996 aka kore shi, bayan kofuna 11. Bai sake horar da wata ƙungiyar kulob ba. Amma bakinsa bai mutu ba: da shawararsa Joan Laporta ya ɗauko Frank Rijkaard a 2003, ya kuma ba Guardiola aiki a 2008.

Akwai abu ɗaya da duk wayonsa bai yanke ba sai da ya makara, wato sigari. Tun yana matashi yake zuƙa, yana ɗan wasa yana sha, yana koci ma a kan benci da hayaƙi ake ganinsa. A Fabrairun 1991, yana da shekara 43, zuciya ta buga masa gargaɗi, aka kwantar da shi aka yi masa babbar tiyata. Ka tuna ciwon da ya kashe mahaifinsa ke nan. Daga ranar ya bar taba, ya koma tsotsar alawa mai tsinke a bakin fili, har ya fito a tallan hukumar lafiya ta Kataloniya yana wasa da kwalin sigari kamar ƙwallo, a ƙarshe ya yi fatali da shi. Barin da ya yi ya ba shi ƙarin shekaru masu yawa. Amma a Oktoban 2015 aka gano yana da kansar huhu, cutar da shan taba ne babban sanadinta. Abokaina masu fita bayan gidan kallo a kunna kara ɗaya lokacin hutun rabin lokaci, wannan mutumin ya fi mu huhu, ya fi mu likitoci.

Mu ma a nan muna da rabo a labarin ƙwallon Holan. Clemens Westerhof, wanda ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 1994 ya kuma kai ta gasar kofin duniya karon farko, ɗan Holan ne. Haka Bonfrere Jo da ya ciyo zinare a Atlanta a 1996. Nwankwo Kanu da Finidi George sun ɗauki kofin zakarun Turai da Ajax a 1995. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, ya koma Ajax a 1996, ƙanensa Haruna kuma ya yi makarantar Barcelona. Ahmed Musa daga Kano Pillars VVV-Venlo ta Holan ya fara zuwa a 2010. Wani abin da ba kowa ya sani ba, wasan ƙarshe da Cruyff ya ja ragama a matsayin koci da Najeriya aka yi shi. Ranar 2 ga Janairu, 2013, tawagar yankin Kataloniya da yake horarwa ta yi kunnen doki 1-1 da Super Eagles ta Stephen Keshi. Bayan 'yan makonni Najeriya ta ɗauko kofin Afirka a Afirka ta Kudu.

Johan Cruyff ya mutu a Barcelona ranar 24 ga Maris, 2016, yana da shekara 68. Washegari Holan ta buga wasan sada zumunta da Faransa a Amsterdam, da aka kai minti na 14 aka tsayar da wasa, filin gaba ɗaya ya miƙe yana tafi. Ajax ta riga ta ajiye lamba 14 tun 2007, babu mai sake sa ta. A 2018 aka sauya wa filin wasanta suna zuwa Johan Cruijff Arena, Barcelona ma ta sa wa sabon ƙaramin filinta sunansa a 2019. Gidauniyar da ya kafa a 1997 tana gina wa yara ƙananan filayen wasa a unguwanni, tana kuma tallafa wa yara masu buƙata ta musamman su shiga wasanni.

Bai ci kofin duniya ba, kuma a musun wa ya fi kowa sunan Pelé da Maradona da Messi da Ronaldo ake fara kamawa. Ba sai mun ɗora shi a kansu ba. Amma in an dawo rabon 'yan wasa a filin unguwa da yamma, ka ga siririn yaron nan da ake barin sa tsaron takalma saboda ba shi da jiki, a ba shi minti goma a tsakiya a ga abin da kansa zai yi. Ranar El Clasico mai zuwa kuma, in wani ya ce Guardiola ne ya ƙirƙiro komai, ka tambaye shi wa ya fara sa Guardiola a fili.